Me Kiristoci ke nufi idan suka ce su 'ya'yan Allah ne?

A garuruwa irin su Kaduna, Jos, Zariya, Yola da Gombe, inda Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya suna zuwa wa juna biki da gaisuwar mutuwa, akwai maganar da kan fito daga bakin fasto ta sa baƙin da ke zaune su dubi juna: "Mu 'ya'yan Allah ne." Ga wanda ya haddace Ƙulhuwallahu tun yana makarantar allo, maganar tana da nauyin da ba a wasa da shi. Ga mai faɗarta kuwa, da ita yake buɗe addu'arsa kullum: "Ya Ubanmu wanda ke cikin Sama." Idan gardama ta tashi a kanta, sau da yawa kowane ɓangare yana ba da amsar abin da ɗayan bai faɗa ba ne. Akwai saɓani na gaske a nan, amma ba a wurin da aka fi nuna shi da yatsa yake ba.

Abin da ake nufi da abin da ba a nufi

Dukan manyan ɗarikun Kirista sun yi ittifaƙi cewa ba haihuwar jiki ake nufi ba. Bishara ta hannun Yohanna, sura 1 aya 12, ta ce waɗanda suka karɓi Almasihu an ba su ikon zama 'ya'yan Allah, aya ta 13 kuma nan take ta toshe ƙofar wata fassara: haihuwar ba ta jini ba ce, ba ta sha'awar jiki ba, ba kuma ta nufin namiji ba.

Sabon Alkawari yana bayyana lamarin ta hanya biyu. Yohanna yana maganar haihuwa daga sama, kamar yadda ya zo a hirar Yesu da Nikodimu a sura ta 3, abin da Kiristocin Arewa ke kira maya haihuwa. Wannan ya shafi canjin zuciya da hali. Manzo Bulus kuwa harshen kotu da gado ya ɗauko: a ɗauki wanda ba ɗa ba a mai da shi ɗa. Sau 5 wannan batu ya fito da sunansa a wasiƙun da ake jingina masa, wato Romawa 8:15, 8:23 da 9:4, Galatiyawa 4:5, da Afisawa 1:5. Wannan ya shafi canjin matsayi. Mutum bai cancanta ba, bai saya ba, mai gida ne ya zaɓe shi ya ba shi suna da rabo. Kiristoci suna kiran wannan alheri.

Tunanin yana da saiwa a Tsohon Alkawari. A Fitowa 4:22 an umarci Musa ya faɗa wa Fir'auna cewa Isra'ila ɗan farin Ubangiji ne. A 2 Sama'ila 7:14 an yi wa Dawuda alkawari game da magajinsa, cewa Allah zai zama uba gare shi, shi kuma ya zama ɗa. A duka wuraren biyu zaɓe ake nufi, na al'umma ko na sarki, ba nasabar jini ba.

Yadda Romawa ke mai da baƙo ɗa

Dokar Musa ba ta tsara wata hanya ta mai da ɗan wani naka ba, ko da yake akwai labaran riƙo, kamar yadda Mordekai ya riƙi Esta. Romawa kuwa suna da cikakken tsari, kuma a ƙarƙashin mulkinsu Bulus da masu karanta wasiƙunsa suka rayu.

A wurinsu ba jariri maraya ake nema don tausayi ba. Attajiri ko basarake da ba shi da magaji yakan nemi saurayi ko ma baligi, don kada sunan gida da dukiyarsa da ibadun kakanninsa su mutu tare da shi. Uban gida a dokar Roma yana da iko a kan 'ya'yansa muddin yana raye, ko da sun yi furfura. Saboda haka ɗaukar ɗa yana nufin a fitar da mutum daga ikon uba ɗaya a shigar da shi na wani, a gaban shaidu da hukuma. Daga ranar ya ɗauki sunan sabon uban, ya zama magajinsa daidai da ɗan cikinsa.

Abin ya kai har gadon sarauta. Yuliyas Kaisar ya ɗauki jikan 'yar'uwarsa, Oktabiyas, a matsayin ɗa ta hanyar wasiyya a shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu, shi ne ya zama Agustas. Agustas ya ɗauki Tibariyas a shekara ta 4 Miladiyya. Kalaudiyas ya ɗauki Nero a shekara ta 50, alhali yana da ɗan cikinsa, Biritanikus, kuma Nero ne ya hau mulki a 54. Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa an rubuta ta wajen shekara ta 57. Wato mutanen da aka fara karanta wa "kun karɓi Ruhun zama 'ya'ya" suna zaune ne a birnin da sarkinsa ɗan ɗauka ne, da yawa daga cikinsu kuma bayi ne ko 'yantattun bayi. A kunnensu ɗan ɗauka ba ɗa mai daraja ta biyu ba ne.

Masana sun kasu a kan ko dokar Roma ce ainihin abin da Bulus ya dogara da shi, ko alkawarin da aka yi wa Dawuda. Ga alama bai ga dalilin zaɓen ɗaya ba: shi Bayahude ne masanin Attaura, kuma ɗan ƙasar Roma. Abin da ya fito fili shi ne yadda ya jera maganar a Galatiyawa 4: daga bauta zuwa fansa, daga fansa zuwa zama ɗa, daga zama ɗa zuwa gado. A Romawa 8:23 kuma ya ce har yanzu ana jiran cikar abin, ranar fansar jiki. An riga an rubuta sunan, amma ba a raba gadon ba tukuna.

Inda kunnen Bahaushe ke tuntuɓe

Bahaushe ya san haihuwa, ya kuma san riƙo. Matar da Allah bai ba haihuwa ba, ƙanwarta takan yaye 'ya ta miƙa mata. Ɗan fari akan kai shi wurin kaka saboda kunya. Uwar riƙo ta ciyar, ta tufatar, ta yi jinya, ta tara kwanuka da gado da katifa ta kai yarinya ɗakin miji, yarinyar kuma ba ta san wata Inna ba sai ita. Amma ranar ɗaurin aure daga dangin mahaifinta waliyyi zai fito, ranar rabon gado kuma ba a lissafa ta cikin magadan gidan da ta girma. Agola ma haka: yana cin tuwon gidan, amma sunan ubansa yana nan.

Saboda haka mai sauraro yana da ma'auni biyu kacal. In an ce ɗa, sai ya ji haihuwa, abin da Kirista bai nufa ba. In an ce ai kamar riƙo ne, sai ya ji wanda ake kula da shi amma ba shi da suna ba shi da gado, wannan kuma ya gaza abin da Bulus ya faɗa. Abin da koyarwar ke nufi abu ne na uku da al'adar ba ta tanada ba: ba a haife shi a gidan ba, amma ya zama ɗan gida ta kowace fuska. Tun da aka kammala Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya taka rawa babba a cikinsa, masu wa'azi suke fama da wannan giɓi, kuma ba kowane ne ke tsayawa ya yi bayaninsa ba.

Yesu da sauran masu bi ba ɗaya ba ne

Wani ruɗanin kuma shi ne a ɗauka cewa Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS), ɗa ne a ma'anar da masu bi suke 'ya'ya. Koyarwar Ikkilisiya, wato coci, ta ce a'a, kuma an sha fafatawa kafin a tsayar da hakan.

A ƙarshen ƙarni na 2 wani majemi daga Bizantiyum mai suna Tiyodotus ya koyar a Roma cewa Yesu mutum ne adali da aka ɗaukaka lokacin baftismarsa a Kogin Urdun. Bishop Biktor na Roma ya kore shi daga Ikkilisiya. A 268 an tuɓe Bulus na Samosata daga kujerar bishop na Antakiya saboda ra'ayi mai kama da wannan. Taron bishop-bishop na Nikiya a 325, a ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta cewa Ɗan haifaffe ne ba halitacce ba, zatinsa ɗaya da Uba, kuma haihuwar da ake nufi madawwamiya ce wadda ba ta da farko ba ta da jiki. Batun ya sake ɗagowa a Andalus, inda Elifandus, babban bishop na Toledo, ya ce Almasihu ta fuskar mutuntakarsa ɗan ɗauka ne. Taron Frankfurt na 794 ya yi watsi da wannan.

Matsayin da aka tsaya a kai shi ne Yesu Ɗa ne bisa ga zati, shi ya sa Yohanna 3:16 ke kiransa makaɗaici, masu bi kuwa 'ya'ya ne bisa ga alheri, ta dalilin haɗuwarsu da shi. Mai bi yana nan halitta, bai zama abin bauta ba. Ko cocin Otodoks, da ta fi kowa zurfafawa wajen cewa mai bi yana tarayya da ɗabi'ar Allah bisa ga 2 Bitrus 1:4, tana jaddada cewa zatin Allah ba ya rabuwa, ba a kuma shiga cikinsa.

Saɓanin da ke tsakanin Kiristoci

Tambaya ta farko: yaushe mutum ke zama ɗa? Katolika ta ce a baftisma. Taron shugabanninta na Trent a 1547 ya bayyana kuɓutar mai zunubi da cewa ƙaura ce daga halin ɗan Adamu na farko zuwa halin alheri da zama ɗan Allah, kuma ta ruwan baftisma ko marmarinsa ake yin ta. Shi ya sa Katolika ke yi wa jarirai baftisma, haka ma Angilikan da Lutaran irin LCCN ta Adamawa. ECWA, Baptis da EYN kuwa suna jira sai mutum ya yi hankali ya furta bangaskiya da bakinsa, domin a wurinsu bangaskiyar ce ke shigar da shi gidan, ruwan shaida ne. Iyalin da uwa ta fito daga wannan ɗarika uba daga waccan sun san cewa wannan ba gardamar malamai kaɗai ba ce. Takan taso da zarar an yi haihuwa.

Ta biyu: ɗa zai iya rasa matsayinsa? Mabiya koyarwar Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta, sun ce a'a. Shaidar Bangaskiya ta Westminster, da aka rubuta a Landan a 1646, ta ware babi na 12 kacokan ga wannan batu, tana cewa Uba yana horon 'ya'yansa amma ba ya yasar da su. Katolika ta ce babban zunubi yana kashe alherin da ke cikin mutum har sai ya tuba, ko da yake hatimin baftisma ba ya gogewa. Metodis sun ce mutum zai iya juya baya da kansa. Kowane ɓangare yana kafa hujja da misalin ɗan da ya ɓata a Luka 15, wanda ya cinye rabonsa ya dawo yana shirin roƙon a ɗauke shi ɗan ƙodago, uban kuma ya sa aka kawo riga da zobe da takalmi. Wasu sun ce ka gani, bai taɓa daina zama ɗa ba. Wasu sun ce ka karanta da kyau, uban da kansa ya ce ɗan ya mutu ne ya sake rayuwa.

Ta uku ita ce ta fi shafar maƙwabtaka: kowane ɗan Adam ɗan Allah ne? Bulus a Atina ya yarda da mawaƙan Girka cewa mu zuriyarsa ne (Ayyukan Manzanni 17:28). Masanin Jamus Adolf von Harnack, a laccocinsa na Berlin wajen 1900, ya sa ubancin Allah da darajar kowane rai a tsakiyar addinin Kirista, kuma majami'u masu sassaucin ra'ayi a Turai da Amurka sun bi wannan layi. Majami'un bishara irin su ECWA da Baptis, waɗanda su ne suka fi yawa a Arewacin Najeriya, sun ce kowa halittar Allah ne da aka yi cikin kamaninsa, amma zama ɗa sai ta wurin Almasihu. Katolika tana riƙe da duka biyu a matakai daban: 'yan'uwantakar dukan mutane ta fuskar halitta, wadda a kanta Fafaroma Francis da Shaihul Azhar Ahmad al-Tayyib suka sa hannu a wata takarda a Abu Dhabi ranar 4 ga Fabrairu 2019, sannan zama ɗa ta baftisma.

Matsayin Musulunci

Wasu Kiristoci suna zaton da zarar an bayyana cewa ba haihuwar jiki ake nufi ba, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Suratul Ikhlasi ta kore haihuwa, amma wasu ayoyin, kamar Baƙara 116, Isra'i 111 da Maryam 88, sun kore har da riƙon ɗa, wato Allah ya ɗauki wani a matsayin ɗa. Ma'ida 18 ta ambaci wannan da'awa kai tsaye, ta Yahudu da Nasara cewa su 'ya'yan Allah ne masoyansa, ta amsa da cewa su mutane ne daga cikin waɗanda ya halitta. Maryam 93 ta ce babu kowa a sammai da ƙasa face zai zo wa Mai Rahama yana bawa.

A Musulunci bauta ba ƙasƙanci ba ce, ita ce ƙololuwar daraja. Ayar farko ta Isra'i da lakabin bawa ta ambaci Annabi Muhammadu (SAW) a daren tafiyarsa. Kusanci da Allah yana da nasa sunaye, kamar waliyyi, da Khalilullahi ga Annabi Ibrahim (AS), amma ba a aro sunan uba da ɗa. Ko tsakanin mutane, Ahzabi 4 da 5 sun soke al'adar Larabawa ta jingina ɗan riƙo ga mai riƙonsa, aka koma kiran Zaidu da sunan mahaifinsa Harisa. Riƙon maraya kuwa an kwaɗaitar da shi matuƙa, kuma mai riƙo yana iya yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiya ba.

Kiristoci ma ba su jefar da kalmar bawa ba. Bulus ya buɗe wasiƙar Romawa da kiran kansa bawan Almasihu, Maryamu ta kira kanta baiwar Ubangiji a Luka 1:38, kuma har yau "bawan Allah" ake ce wa fasto a majami'un Hausa. Abin da suke ƙarawa shi ne bawan an mai da shi ɗa, don haka biyayyarsa ta ƙauna ce ba ta fargabar kora ba. John Wesley, wanda ya assasa Metodis, ya bambanta bangaskiyar bawa da bangaskiyar ɗa, yana ganin ta farko karɓaɓɓiya ce amma ta biyu ce cikakkiya. Musulmi zai amsa cewa bawan kirki ma da so da fata yake bauta, ba da tsoro kaɗai ba. Ainihin saɓanin ke nan: ko ya dace da girman Allah a kira shi Uba, ko da ta hanyar alheri ne. Kirista ya ce Allah da kansa ya ba da izinin, Musulmi ya ce ya hana.

Abin da koyarwar ke haifarwa a rayuwar mai bi

Na farko a addu'a ake ganinsa. Mai bi yana magana da Allah kai tsaye, da harshensa, yana kai kukan kuɗin makaranta da ciwon yaro kamar yadda ake kai wa mahaifi. Baƙon da ya halarci taron Zumuntar Mata yakan yi mamakin wannan sakewa, wani lokaci ya ɗauke ta rashin ladabi. Daga wannan koyarwa ta fito.

Daga nan kuma kiran "ɗan'uwa" da "'yar'uwa" ya samo asali. Galatiyawa 3:26 zuwa 28 ta ce tunda duka 'ya'ya ne, babu Bayahude ko Baheleni, wato mutumin Girka, bawa ko 'yantacce, namiji ko mace. Ga wanda danginsa suka yanke shi saboda ya karɓi addinin, ko gwauruwar da rikici ya kora daga ƙauye, wannan kan zama ɗaki da abinci na zahiri. Sai dai aikin bai cika kai maganar ba. Zaɓen shugabannin majami'u a Arewa yakan bi layin ƙabila, kuma a al'adu da dama 'ya mace da ake kira magajiya tare da Almasihu ranar Lahadi ba ta gadon gonar mahaifinta.

Gadon shi ne wurin da aka fi jan koyarwar zuwa inda ake so. Tun daga shekarun 1980 wasu majami'un Fentikos suka yaɗa cewa ɗan Sarki ba ya talauci ba ya ciwo, suna kafa hujja da albarkar Ibrahim a Galatiyawa 3. Masu sukarsu, har da wasu 'yan Fentikos ɗin, suna nuna cewa Romawa 8:17, ayar da ta kira masu bi magada, ita ce kuma ta gindaya shan wuya tare da Almasihu, Ibraniyawa 12 kuma ta ce horo alama ce ta ɗan halal. Nassin ya fi goyon bayan masu sukar. Illar ɗayan karatun a kan talaka take sauka: wanda ya ba da zakka da baiko bai ga canji ba, sai ya fara shakkar ko shi ɗa ne.

Akwai kuma batun marayu. A Amurka majami'un bishara da dama sun mai da wannan koyarwa hujjar ɗaukar yara ta kotu. A Najeriya Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanadi hanyar da kotu za ta mai da yaro ɗan wanda ya ɗauke shi, har da gado, amma ba ta aiki a jiha sai majalisarta ta amince da ita, kuma jihohin Arewa da dama sun daɗe kafin su amince da ita saboda sassan da aka ga sun ci karo da shari'a. Yawancin iyalan Kirista a yankin riƙon gargajiya suke yi kamar maƙwabtansu, ba takarda ba kotu. Idan mai riƙon ya rasu bai bar wasiyya ba, al'adar ƙabilarsa ce ke raba dukiya, kuma yaron da aka yi wa baftisma da sunan gidan yakan tashi hannu wofi.